Mita 60 da Aka Damƙa Mini a Zurfin Kilomita Uku

Kakana ya yi aikin kuza a Bukur tun yana saurayi, kuma duk labarin ruftawar rami da na tashi ina ji a bakinsa iri ɗaya ne: damina ta yi nisa, ƙasa ta sha ruwa, ramin loto ya rufe da mutane. Shi ya sa na girma a kan cewa laushin ƙasa ne abokin gabar mai haƙa, in ka kai ga dutse mai tauri to ka sha. Har na gama karatun ilimin duwatsu wannan tunani bai sake ni ba, duk da na ci jarrabawar da ta ce ba haka abin yake ba. Abin da ya raba ni da shi horo ne na wata shida da na samu a wata mahaƙar zinariya kusa da Carletonville, yamma da Johannesburg, a Afirka ta Kudu. A wannan yanki ne Mponeng take, wadda zurfinta ya doshi kilomita huɗu, babu mahaƙar da ta kai ta a duniya. Tamu ba ta kai can ba, amma inda aka tura ni ya kusa mita 3,000.

A mako na biyu ogana ya shimfiɗa taswira a tebur, ya ɗora yatsa a kan wata hanya da ake so a ƙara mata tsawon mita 60. Faɗinta mita uku da rabi, tsayinta haka. Ya ce in rubuta masa irin tokarin da za a yi mata, in kuma bi aikin har ya ƙare. Zinariyar can tana kwance ne a wani siririn shimfiɗin tsakuwa da ya daskare, sau da yawa kaurinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma hanyoyin jigila a ƙarƙashinsa ake huda su. Tawa ɗaya ce daga cikinsu.

Ban fara da shiga rami ba. A wata rumfar kwano aka fara da ni, inda ake jera sandunan dutsen da injin huda ya zaro daga gaban hanyar. Suna nan cikin akwatuna kamar karan rake. Aikin farko kowane ɗalibi ya san shi: ka auna duk guntun da ya kai santimita 10 ko fiye, ka tara, ka raba da tsawon hudar gaba ɗaya. Wani Ba'amurke, Don Deere, ya fito da wannan awo a 1964. Mita 30 na farko dutsen ya fito dogo-dogo, fari-fari mai ƙyalli, kwazayit ne, ka buga masa guduma ta dawo maka. Daga nan sai na buɗe wani akwati na tarar sandar ta koma faya-fayai, kamar an yanka albasa da wuƙa mai kaifi, kowane yanki bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Ban yi wata-wata ba na rubuta: ruɓaɓɓen dutse, maki sifiri.

Ogana ya ɗauki yanki biyu ya haɗa su, suka zauna daram babu ko ƙura a tsakani. Ya ce in shafa fuskar karayar. Sabuwa ce fil, babu tsatsa, babu laka, babu alamar ruwa ya taɓa bi. Ya ce, "Wannan dutsen lafiyarsa ƙalau har ranar da muka huda shi. Matsi ne ya yanka shi a daidai lokacin da bakin injin ya raba shi da 'yan uwansa. Abin da ka samu ba rauni ba ne, gargaɗi ne." Na goge abin da na rubuta, kunya kamar in nutse.

Daga nan muka zauna lissafi, kuma lissafin bai da wuya, abin da ya nuna ne ke hana barci. Kowace mita ɗaya ta zurfi tana ƙara nauyin da ya kai kusan megafaskal 0.027, a ma'aunin matsi. A mita 3,000 ka samu 81. In an mayar da shi abin da ido ke gani, fili kamar farcen ɗan yatsa yana ɗauke da fiye da kilo 800, buhun siminti 16 ke nan. Dutsen yana ɗauke da wannan kaya tun fil azal ba tare da ya koka ba, domin a matse yake ta ko'ina, ba shi da inda zai motsa. Ranar da ka huda rami, kayan da dutsen da ka kwashe yake ɗauke da shi ba ya ɓacewa. Komawa yake kan na gefe, kamar mutum huɗu ne suka ɗauko gungume ɗaya ya zame. Wani injiniya Bajamushe, Kirsch, ya yi lissafin wannan tun 1898 a kan rami mai da'ira: matsin da ke taruwa a bango shi ne babban matsi sau uku, a cire ƙaramin. A wannan yankin matsin gefe yakan kai kimanin rabin na sama. Sau uku na 81, a cire 40, ka wuce 200. Kwazayit mai kyau kuwa, a injin gwaji, wajen 200 ɗin yake fashewa, kuma a cikin ƙasa yakan fara tsagewa tun bai kai rabin haka ba.

Na dubi takardar na ce, "Oga, ai ke nan bangon zai karye ko me muka yi."

Ya ce, "Yauwa. Yanzu ka fara aiki."

Kashegari na shiga. Watan Yuni ne, tsakiyar hunturunsu, da asuba ciyawa fari fat da ƙanƙara. Na yi sallah a ɗakin canza kaya, na karɓi hular kwano da fitila da gwangwanin iskar ceto da ake ɗaurawa a ƙugu. Kejin da ke sauke mutane cikin rami hawa uku ne, an cusa mu kamar kifin gwangwani, kuma da ya saki sai cikina ya taso wuya, kunnuwana suka toshe. Rijiya ɗaya ba ta kaiwa, sai an sauka an taka an shiga wata. Lokacin da muka isa goshin hanyar rigata ta jiƙe sharkaf. Dutsen wurin shi kansa yana kusan digiri 50, injinan sanyaya iska ne suke sa ɗan Adam ya iya tsayawa.

A nan na haɗu da dattijon da kowa ke kira Madala, wato tsoho a Fanakalo, yaren gamin-gambizar da ma'aikatan rami suka daɗe suna yi a tsakaninsu. Ni Baba nake ce masa, ya kuma karɓa. Mutumin Lesotho ne, gajere, ba ya son surutu. Bayan an tashi nakiya hayaƙi ya fita, shi ne ke fara shiga. Ga yadda yake yi, don na kalle shi ya fi sau hamsin. Zai tsaya a ƙarƙashin wurin da aka riga aka tokare, ba ya ƙetare rodin tokari na ƙarshe ko da taku ɗaya. Ya sa a fesa wa rufin da bango ruwa, ƙura ta kwanta, tsaga ta bayyana. Ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Sai ya ɗauki doguwar sandar ƙarfensa mai baki kamar na kurfi, ya duba bayansa ya tabbata babu abin da zai harɗe shi in gudu ya kama, sannan ya ƙwanƙwasa.

Dutse mai lafiya ƙara yake yi, ƙal, har ka ji sandar na rawa a hannu. Wanda ya rabu da uwarsa kuwa amsawa yake da wata murya mai zurfi, duf, irin ta tulun da ya tsage. Duk matar da ta taɓa sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ta san wannan gwaji. In Baba ya ji duf, sai ya sa bakin sandar a tsaga ya ɓamɓare, falle ya faɗo gabansa, ba kansa ba, domin a karkace yake riƙe sandar. Ya ci gaba taku-taku, daga mai kyau zuwa marar kyau.

Muna tsaye shiru na ji wani tas, tas daga bango, kamar ana soya gurguru a maƙwabta. Wata 'yar ɓarɓashi ta tsarto ta bugi hulata. Na zabura. Baba bai ko waiwayo ba, ya ce, "Yaro, magana yake yi. Bar shi ya faɗi abin da ke ransa." Daga baya ya gaya mini abin da ke ɗaga masa hankali biyu ne: wurin da ya saba magana ya yi shiru farat ɗaya, da wurin da ya saba shiru ya fara magana.

Kwana uku na yi ina zana bangon. Abin da lissafi ya faɗa ga shi ƙuru-ƙuru: bangayen biyu sun yi falle-falle a tsaye, ɓawo bayan ɓawo, rufin kuwa da sauƙi. Muka huda ramuka a bango muka zura 'yar kyamara, na ga tsagar a jere kusa-kusa a mitar farko, tana raguwa, sai bayan wajen mita ɗaya da rabi dutse ya koma dunƙule. Har ramukan nakiya da suka rage a goshi ba su tsaya a da'ira ba, gefe biyu sun ɓalle sun yi kamar kunnen kare, kuma haka ma suke kiran abin. Kunnuwan suna fitowa ne a gicciye da babban matsi, saboda haka ko babu na'ura ramin da kansa yana nuna maka ta inda ake danne shi. Na cike takardun ba dutse maki, na Bieniawski da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu a 1973 da na Barton na Norway na 1974. Suna da amfani, amma a wannan zurfin na ga ba su ne ke yanke hukunci ba.

Rahotona na farko, in na tuna shi yanzu dariya nake yi. Na ce a zuba kankare mai kauri, a dasa rodi mafi ƙarfi da ake da shi, a like shi da siminti tun daga baki har ƙarshe yadda ba zai motsa ba. Wato ina so in yi kokawa da kilomita uku na dutse. Ogana ya karanta ya ce in lissafa masa nawa ne duk wannan ƙarfe zai iya turawa a kan kowace murabba'in mita ta bango. Na lissafa, bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na matsin wurin ba. Ya ce tokari a nan ba ɗaukar dutsen sama yake yi ba, babu ƙarfen da zai iya. Dutsen da ke can ciki, wanda bai karye ba, shi ke ɗaukar kaya. Aikinmu mu riƙe karyayyen ɓawon nan a wurinsa, domin muddin yana nan a cushe yana tallafe na bayansa, kuma in ya zube, na baya ya zama sabon bango ya fara tasa karayar, haka har hanya ta ninka faɗinta. Sannan bangon zai matso ciki, ko mun so ko mun ƙi. Rodin da ba ya miƙewa tsinkewa zai yi, kuma ranar da aka fi bukatarsa zai tsinke.

Wannan ne wurin da kaina ya juya. A gida an koya mana abin da ya motsa ya lalace. A can ƙasa kuwa ana zaɓen ƙarfen da zai ja da baya yana riƙe, kamar mai riƙe da igiyar sa a hawan ƙaho: in ya ƙame igiya ta tsinke ko ta tafi da shi, in ya saki gaba ɗaya sa ya shiga mutane.

Na sake rubutu. Rodi mai kan mazurari, wanda a ƙasar aka ƙirƙiro shi, mai ratsa simintin da ke riƙe da shi sannu a hankali in an fizge shi maimakon ya karye, tsawon mita 2.4 don ya wuce karyayyen ɓawo ya kama lafiyayyen dutse. Ragar waya a kan bango da rufi. A kan ragar kuma ɗinkin igiyar ƙarfe daga kan rodi zuwa kan rodi, kuma igiyar ba sabuwa ba ce, tsohuwar igiyar keji ce ake warwarewa. A mahaɗar hanyoyi, inda rufi ya fi faɗi, dogayen igiyoyi na musamman. Sai wuri ɗaya da taswira ta nuna wata jijiyar baƙin dutse ta ratsa hanyar. Irin wannan jijiya ta fi na kewaye da ita tauri, don haka ta fi jan kaya, kuma in ta gaji ba ta lanƙwasa, fashewa take. Na ce a matse tazarar rodi, a ƙara kankaren feshi mita biyar kafin ta da mita biyar bayanta. Aka sa hannu.

Dasawar ta ɗauki makonni, ba abin ba da labari sosai: huda, tashi, ɓamɓara, kwashe, dasa, gobe a sake. Nawa shi ne in ƙirga, in auna tazara, in tsaya a gwajin fizga inda ake jan rodi da jak a ga ko ya kama. Na kuma kafa turaku a bango biyu suna kallon juna kowace mita goma, duk mako in auna tsakaninsu.

Da muka iso jijiyar, Baba ya kira ni gefe. Ya haska fitilarsa a bangon dama: ga baƙin dutse daidai inda na shata. Ya juya bangon hagu, ya taka, ya taka, ya wuce alamar fentin da na yi ta ƙarshen ƙarin tokari, ga baƙin dutsen nan yana biye da mu. Jijiyar a karkace ta ratso, ni kuwa daga tsakiyar hanya na auna mita biyar ɗina, a kan takarda, a ofis. Kusan mita uku na bangon hagu da sun tafi da tokari na gama-gari. Bai ce komai ba, fitila kawai ya riƙe a wurin har na gane. Na ce, "Baba, na yi kuskure." Ya ce, "Takarda ba ta shigowa nan. Kai kake shigowa." A ranar na gyara.

Awon turakun ya tafi yadda ake zato: makonnin farko bango yana matsowa da sauri, sai ya lafa, milimita ɗaya ko biyu a mako. A wata na huɗu haƙar zinariyar da ke samanmu ta matso kusa. Gefen wurin da aka kwashe yana tura kaya gabansa kamar yadda kwalekwale ke tura ruwa, kuma wannan kayan ya iso kanmu. Lambobina suka tashi. Faranti a kan rodi suka fara lotsawa, fenti yana ɓarewa. Masu sauraron girgiza a sama, da ke da kunnuwan lantarki binne a sassan mahaƙar dare da rana, suka ce ƙananan motsi sun taru a kan jijiyar. Wata safiya Baba ya ƙwanƙwasa sau uku, ya tsaya, ya ce a fita. Dokar lafiya da tsaron mahaƙai ta ƙasar, ta 1996, a sashe na 23, ta ba ma'aikaci ikon barin wurin da ya ga haɗari, kuma ba doka ce da ta faɗo daga sama ba. Ƙasar da ta rasa fiye da mutum 430 a rana ɗaya a mahaƙar kwal ta Coalbrook, 21 ga Janairun 1960, da ginshiƙai suka ruguje a jere, ta san kuɗin da ake biya. Aka gindaya shinge, muka fita.

Kwana biyu babu abin da ya faru, har wasu suka fara gunaguni a kan aikin da ya tsaya. A na uku da yamma, jim kaɗan bayan tashin nakiya, lokacin da dama babu kowa a ciki, ina ofis na ji tebur ya yi wani ɗan tsalle, shayi ya girgiza a kofi. Kwamfuta ta nuna wurin: jijiyata. Girman girgizar bai kai maki 2 ba a ma'aunin girgizar ƙasa. Mutanen garin ba su ma ɗaga kai ba, sun saba.

Sai da motsin ya lafa aka bar mu muka shiga. Ƙura ta rufe komai, ƙasan hanyar ta kumbura ta ɗaga layin dogo. Bangon hagu, daidai mita ukun nan, ya turo ciki kamar cikin akuya mai shirin haihuwa, ragar cike da fasasshen dutse, igiyoyin a miƙe kamar tsirkiya. Wasu rodin sun zamo da kusan tsawon tafin hannu. Ko ɗaya bai tsinke ba. Na tsaya ina kallon wurin ina ta maimaita Alhamdulillahi a zuci, gwiwoyina ba ƙarfi. Na auna turakun: abin da bango ya matso a daƙiƙa ɗaya ya fi na wata huɗu a haɗe.

Gyaran ya ci sati uku. Ana yanka ragar kaɗan-kaɗan daga gefen da ke da lafiya, a zubar da abin da ta tara, a dasa sabon rodi tsakanin tsofaffi tunda sun cinye rabonsu na miƙewa, a sake raga, a sake ɗinki. Kafin a gama, haƙar sama ta wuce kanmu, hanyar ta shiga inuwar wurin da aka kwashe, matsi ya sauka, lambobin suka kwanta. Ogana ya ja kunnena cewa inuwar ma da nata sharrin, domin fallen da matsi ke riƙe da su a cushe sukan saki in ya tafi, don haka ɓamɓara ba ta ƙare ba.

A makon ƙarshe Baba ya miƙo mini sandar. Ta fi yadda nake zato nauyi. Na duba bayana, na ɗaga hannu aka yi tsit, na ƙwanƙwasa. Ƙal. Na matsa. Ƙal. A na huɗu na ji wani abu tsaka-tsaki, na sake bugawa, na ce, "Baba, kamar duf." Ya ce, "Kamar?" Na sake bugawa na ce duf ne. Ya kama ƙuguna ya ja ni baya taku biyu, ya gyara mini hannu a kan sandar ta karkace, ya ce in sa baki a tsagar hagu. Na danna, falle ya faɗo faɗinsa ya kai tabarmar sallah, ya tarwatse daidai inda ƙafafuna suke ɗazu. Ya karɓi sandarsa, ya ƙwanƙwasa sabon wurin da kansa, sannan ya ɗaga wa masu huda hannu su shigo.